Wa Ya Ce a Fasa Bangon Kicin?

Kowane layi da irin baiwar da Allah ya yi masa. Wani layin kwalta ya samu, wani fitilun titi, wani famfon da ba ya ƙafewa. Mu namu rabon ya fi ƙarfin waɗannan duka, domin mu Malam Na-Sani aka ba mu. Mutum ne da ilimi ya cika shi har yake tsiyaya ta baki. Ba ya ƙyashi, ba ya rowa. Ko ba ka tambaya ba zai sanar da kai, in kuwa ka kuskura ka tambaya, to ranar ka yi sallama da abincin rana.

Sunan ba a banza ya same shi ba. Duk maganar da ka ɗauko, kafin ka dire ta ya ce, "Na sani." Ka ce masa matarka ta haihu yanzun nan, ko ungozoma ba ta gama wanke hannu ba, zai ce ya sani. Wani shaƙiyyi ya taɓa tambayarsa hanyar wata unguwa da ya ƙirƙiro sunanta a nan take. Malam ya gyara tsayuwa ya yi masa kwatance tiryan-tiryan, har da gargaɗin cewa akwai rami a kwana ta biyu.

Kafin ya yi ritaya, aikinsa a ofis shi ne buga hatimi a kan takardun da wasu suka rubuta, wasu kuma suka sa wa hannu. Shi yana kiran wannan "harkar tsare-tsare". Mu ba mu taɓa musa masa ba, don mun san duk takardar da ba ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ba, ba ta gama shan tawada ba.

To wata rana sai Malam ya lura da wani babban zalunci da ake yi wa jama'a a cikin gidansa. Falonsa ya yi ƙanƙanta. In baƙi sun yi yawa, na bakin ƙofa ba sa samun ganin fuskarsa sosai lokacin da yake bayani. Nan take ya yanke hukunci: a rushe bangon da ke tsakanin falo da sito, a haɗe su, a sa kujerarsa a ƙurya inda kowa zai samu rabonsa na kallo.

Matarsa baiwar Allah ce mai haƙurin da in an raba shi zai ishi layin nan kaf. Ba ta ce a'a ba, ta san ɓata yawu ne. Sharaɗi ɗaya ta kafa: duk ɗan kwangilar da zai taɓa mata gida, sai mai inshora, irin wadda in ma'aikatansa suka yi ɓarna kamfani zai biya. Ta ga abin da ya samu yayarta. Mai gyaran famfo ya mai da mata tsakar ɗaki kududdufi, ya ce zai je ya sayo wani ƙarfe ya dawo, har yau ana jiransa.

Malam ya ce wannan tsoron mata ne kawai, yana tsaye a kan aiki wace ɓarna za a yi? Ita dai ta nace, ta yi cigiya, ta samo mai inshorar. Da yamma sai ga Malam a ƙofar gida ya tara mu.

"Ku mutanen nan kuna ba ni tausayi," in ji shi. "Ku ɗauko kowane mai guduma ku sa shi a gidanku! Ni tsarina daban ne. Kafin mutum ya kafa mini ƙusa sai na ga inshorarsa. Haka na gaya wa mai ɗakina, da farko ba ta gane ba, amma na yi mata bayani a hankali."

Ɗan kwangilar kuwa Ba-Matsala ake ce masa, don ita ce amsarsa ga komai. Za a gama da wuri? Ba matsala. Siminti ya isa? Ba matsala. Ɗan siriri ne mai yawan murmushi, wayoyinsa biyu ba sa hutawa, ayyukansa sun fi yaransa yawa. Ban san iya saninsa a kan gini ba, amma a karatun mutane ya sauke. Kallo ɗaya ya yi wa Malam ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe gidan Injiniya aka kawo ni. Ai daga yadda ka tsaya na gane."

Kafin azahar Injiniya ya dawo daga kasuwa da hular kwano ruwan ɗorawa, da rigar nan mai ƙyalli, da tef ɗin awo rataye a ƙugu. Ya shiga auna abin da aka riga aka auna. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa yana kasa kunne, kamar mai zaɓen kankana. Ya damƙi yashi ya shinshina ya ce da ɗan dama-dama. Leburori su ce, "To, Injiniya," su ci gaba da abin da suke yi. Doka ɗaya tak ya kafa da aka bi: ba leburan da zai shigo masa ta ƙofar gaba, wannan ta manyan baƙi ce. Su zagaya ta baya.

Ranar da za a fasa bango, Injiniya ya tuna da wani aiki da ya fi fasa bango muhimmanci. Sabon falo zai buƙaci hoto. Ya sa hularsa da rigarsa, ya naɗe wata tsohuwar kalanda ya maƙale a hammata a matsayin zanen gini, ya shiga mota sai shagon mai hoto. Ba-Matsala shi ma ba ya nan, yana can wani wurin yana gaya wa wani maigidan ba matsala. Ta waya ya ba yaransa umarni: in kun shiga falo, bangon hannun dama.

Shi Ba-Matsala ta ƙofar gaba yake lissafi, don shi an yarje masa ya bi ta can. Yaran kuwa ta baya suka shigo, kamar yadda doka ta tanada. Hannun damansu bai nuna musu sito ba, kicin ya nuna musu. Suka tofa yawu a hannu suka hau shi da guduma.

Bangon nan ba na ado ba ne. Shi ke riƙe da dakalin kankaren da aka ɗora tankin ruwan gidan a kai, tankin kuma a cike yake maƙil. Allah ya taimaka matar gidan tana waje tana shanya, yaran kuma da suka ji rufi ya fara ƙara suka zubar da guduma suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Sai ji muka yi rugugum! Tanki ya sauko da kankare da silin da komai, ya zauna daram a kan murhun gas. Ruwan ya ɓalle ya shiga ɗakinta da ke jikin kicin, ya jiƙa katifa da akwatuna, bangon ɗakin ya tsage tun daga sama har ƙasa. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Amma kicin ya tafi, ɗakinta kuma ba mai hankalin da zai kwana a ciki.

Muna tsaye cirko-cirko ana salati sai ga Injiniya ya faka mota, ya fito rungume da ƙaton hoto a cikin firam. Wani maƙwabci ya tare shi da gudu.

"Malam, tanki ya faɗo! Kicin ya rushe!"

Injiniya ya dubi ƙura, ya dubi ruwan da ke fitowa ta ƙofar manyan baƙi. Ya ce, "Na sani."

Daga ranar girki ya koma gareji, kusa da tayar mota. Matar ta kwashe abin da ya tsira ta koma sito da kwana, siton nan da aka ce a rushe, wanda yake tsaye ƙyam ko fenti bai ɓare masa ba. Ga damina ta kawo jiki, ga rufi a buɗe an rufa masa leda. Wallahi ta ba ni tausayi. Mace da girmanta, da surukai, tana tsugune tana wanke tukwane a gefen bokitin wankin mota.

Sai dai maganar ba ta da wani ruɗani, ko yaro ya ji zai raba gardama. Yaran ɗan kwangila sun fasa bangon da ba shi aka ce ba, ubangidansu ba ya wurin, maigida ba ya wurin. Irin wannan ranar aka yi inshorar dominta. Kamfanin inshorar Ba-Matsala zai turo a duba, a tabbatar kuskuren ma'aikata ne, a biya gyara. Abin da kawai ake buƙata daga Injiniya shi ne ya faɗi gaskiya, gaskiyar kuma tana gefensa. Ba kowa ke samun irin wannan sa'a ba.

Ba-Matsala ne kaɗai bai ji daɗin lissafin ba. In kamfani ya biya, za a ƙara masa kuɗin inshora, a kuma gane yana barin yara da guduma ba mai kula da su. A karon farko a rayuwarsa ya ga matsala.

Da safen ranar da za a zo dubawa, matar ta tsare mijinta a bakin gareji. Katangarmu ɗaya, na ji da kunnena.

"Baban yara, don girman Allah, abu ɗaya nake roƙonka. In an tambaye ka, ka ce ba ka nan. Ka ce ba ka san an fasa ba sai da ka dawo. Gaskiya ce ai, ba ƙarya na sa ka ba. Ka faɗe ta ka yi shiru."

"Na sani," in ji shi.

"Ka cire hular nan kuma."

Bai cire ba.

Wadda kamfani ya turo wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da hayaniya, ta ga rusassun gidaje har sun daina ba ta mamaki. Ba-Matsala ya riga ta isowa. Ya kuma bi gida-gida yana gaishe mu yana cewa mu fito mu taya Injiniya jaje, don haka ta tarar da tsakar gida cike da 'yan kallo. Tana shigowa ya durƙusa har ƙasa, ba gabanta ba, gaban Injiniya.

"Baba, ga ubangidanmu nan," ya ce mata. "Mu 'yan aike ne kawai. Abin da muka koya a gidan nan, makaranta ba ta koya mana ba."

Injiniya ya ɗaga masa hannu irin na manya. Na ga hancinsa ya fara buɗewa.

Dattijuwar ta zagaya, ta ɗauki hotuna, ta leƙa tsagar bango, ta yi wa leburori tambayoyi suka amsa suna sosa ƙeya. Ta riga ta gane komai. Ta dawo ta zauna, ta kunna wayarta ta ce za ta naɗi bayanin maigida, in ya yarda. Injiniya ya ce ai da ma ya kamata a riƙa naɗar maganarsa tun tuni.

Dattijuwar, baiwar Allah, da nufin ta sauƙaƙa masa ta fara. "Malam, kada ka damu, ba dogon abu ba ne. Yawancin masu gida ba sa bambance bangon da ke ɗauke da nauyi da wanda ba ya ɗauke da komai, shi ya sa ake ɗauko masu sana'a. Ba laifinka ba ne. Zan sa cewa maigida ba shi da masaniya, shi ke nan."

Jama'a suka juyo suna kallon Injiniya. Da ta san abin da ta taɓo, da ta gwammace ta zage shi. Ba shi da masaniya! A gidansa, a gaban mutanen layi, yana sanye da hular kwano!

"Wa?" in ji Injiniya. Ya miƙe tsaye. "Wane ne ba shi da masaniya? Baiwar Allah, kin san da wa kike magana? A gidan nan ko ƙusa ba ta shiga bango sai ta nemi izinina. Ni na auna, ni na tsara, ni na duba yashi. Yaran nan da kike gani, ko atishawa ba sa yi sai na ɗaga musu gira. Ki tambayi ɗan kwangila!"

"Wallahi haka ne," in ji Ba-Matsala, kansa a ƙasa.

Can bakin gareji murfin tukunya ya faɗi da ƙarfi. Sai tari ya biyo baya, irin tarin da ba na mura ba. Injiniya ko waiwaye.

Dattijuwar ta cire tabarau. "Malam, bari in sake tambaya, ka saurara da kyau. An ce lokacin da aka fasa bangon ba ka gida."

Matar ta kasa daurewa. Ta shiga sito ta cicciɓo ƙaton hoton nan ta dire shi a gaban jama'a. Ga Injiniya a ciki ya ɗaga haɓa, da kalanda a hammata. "Ga inda yake," ta ce. "Wurin mai hoto yake. A kira mai hoton a tambaye shi."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya. Wannan dariyar ce ta ƙarasa rushe gidan.

"Ku ji mata!" in ji Injiniya. "Ita a tunaninta sai mutum yana tsaye yake tafiyar da aiki. Babban injiniya umarni yake bari ya wuce. Kafin in fita na kira yaran nan na nuna musu bango da ɗan yatsana na ce, wannan, ku sauke shi."

Leburori suka dubi juna. Ba-Matsala ya harare su, suka dubi ƙasa.

"Bangon kicin ka nuna musu?"

"Shi fa."

"Amma aikin da aka yi yarjejeniya a kai na bangon sito ne."

"Na sauya tsari. Bangon kicin ɗin nan na daɗe ina zarginsa."

"Ka gaya wa ɗan kwangila ka sauya?"

"Ni zan nemi izininsa a gidana?"

"Ka san akwai tanki a kansa?"

"Na sani mana! Tankin ma na san zai sauko. Abin da kawai ya faru, ya riga lokacin da na tsara masa ne."

Dattijuwar ta dube shi. Ta dubi matar da ke tsaye riƙe da firam, hawaye na bin kumatunta. Ta yi abin da ba aikinta ba ne, ta sake buɗe masa ƙofa. "Malam, ka fahimci abin da maganar nan take nufi? In kai ka karɓe aikin daga hannun ɗan kwangila, ka ba yaransa umarni a bayan idonsa, to kamfaninmu..."

"Na sani," in ji Injiniya.

Ta kashe wayar. Ba-Matsala ya sa gefen riga ya share ido, ya kama hannun Injiniya da hannu biyu yana jijjigawa. Ya ce tunda yake bai taɓa aiki da mutum mai gaskiya irin wannan ba, kuma na yarda da zuciya ɗaya ya faɗa. Baki dai shi ke yanka wuya, amma ban taɓa ganin wanda ya wasa wuƙar da kansa ya kuma nemi a naɗa a waya ba sai ranar.

Amsar kamfanin ba ta ɗau lokaci ba. Sun gode wa maigida bisa cikakken bayaninsa, sun kuma wanke ɗan kwangilarsu tas. Injiniya ya ce ko a jikinsa, da ma wannan ƙaramin kamfani ne. Shi yana da tasa inshorar ta gida, a kamfanin manya. Ya sa hula ya tafi ofishinsu. Suka ba shi kujera mai juyawa, suka kawo masa shayi, suka saurare shi har ya gaji don kansa. Sannan suka ce sun samu bayanin da ya yi wa wancan kamfanin, kuma su tsautsayi suke biya. Wanda ya san tanki zai sauko ya kuma sa aka cire masa mazauni, wannan ba tsautsayi ya same shi ba, tsari ya aiwatar.

Ranar matar ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a bakin gareji ta ce, "Baban yara, shekara da shekaru ina rufa maka asiri. Yau gaskiya ce kawai na roƙe ka, kyauta, ka kasa. To kicina zai tashi kafin ruwa ya sauka, ko da me za a sayar." Ta dubi motar. Shi ma ya dubi motar.

Dillali ya zo ya ja ta kafin mako ya zagayo. Gareji ya ƙara faɗi, abin da falo bai samu ba. Ba-Matsala ya yi ƙarfin halin dawowa da tayin gyara, a ƙarƙashin kulawar Injiniya kamar kullum, matar ta raka shi har titi da tsintsiya. Ita ta nemo wani maginin, ta kuma kafa sabuwar doka: duk lokacin da ake aiki, maigida yana ƙofar gida a kan benci. Da ƙafa yake zuwa ko'ina yanzu, yana gaya mana likitoci sun daɗe suna roƙonsa ya riƙa tattaki.

Da lokacin sabunta inshorar gidan ya yi, wakilin kamfani ya zo da kansa. Ya ce za su ci gaba da ɗaukar nauyin gidan, amma manyansu sun zauna sun ƙara sharaɗi guda: ban da duk wata ɓarna da ta biyo bayan aikin da maigida ya sa wa baki, ko hannu, ko ɗan yatsa.

Da yamma Injiniya ya tara mu a benci, fuskar nan tana sheƙi.

"Kun gani ko? Ku duk takarda iri ɗaya ake ba ku, kamar tikitin mota. Ni kuwa sai da shugabannin kamfani suka yi taro a kaina. Sharaɗi na musamman suka rubuta, ni kaɗai. Duk faɗin garin nan ba mai irinsa."

Muka taya shi murna, don ya cancanta. Kamfanin nan ya yarda ya ɗauki nauyin gobara. Ya yarda da ambaliya, ya yarda da ɓarayi, ya yarda da guguwa, har tsawa ya ce in ta faɗo zai biya. Malam Na-Sani ne dai suka auna, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu.